Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Wasiƙa Ga Marubutan Hausa



A shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan soyayya da ke fitowa daga Kano suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Anacha. Sunan ya sosa ran mutane da yawa. A lokacin, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yana tashe, Balaraba Ramat Yakubu kuma ta riga ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka ja alƙalami a shafin adabi na jaridar New Nigerian Weekly, wanda Ibrahim Sheme ke kula da shi a wancan lokacin, aka yi ta fafatawa: shin littattafan nan ɓata tarbiyya suke yi, ko kuwa su ne suka sa dubban mata riƙe littafi? Kalamai sun yi kaushi a wasu lokuta, amma kan littattafan ake ja-in-ja, kuma muhawarar ta taimaka wajen shigar da su azuzuwan jami'a.

Abin takaici, yau wani marubucin ba ya iya jure ko da rabin wannan. Mai karatu zai nuna masa cewa yarinyar da ya ce marainiya ce a babi na biyu, ga mahaifinta yana karɓar sadakinta a babi na tara, ko cewa ya rubuta kofa a maimakon ƙofa tun daga shafin farko. Nan take sai a ce ɗan hassada ne, a yanke gaisuwa. Alhali mutumin nan ya karanta littafin da idon basira har ƙarshe, abin da masu yabon da yawa ba su yi ba.

Cin mutunci na gaske yana nan, kuma kun san kamanninsa. Shi ne a bar labari a koma kan auren marubuciya ko addininta, a kira ta marar tarbiyya don kawai jarumarta ta nemi saki. Wannan ya cancanci ku haɗa kai ku yaƙe shi, musamman ku da kuka ga an ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007.

Amma wanda ya kawo lambar shafi, ku buɗe shafin ku duba. In ya yi gaskiya, a gyara a bugu na gaba. In kuwa shi ya kasa fahimta, ku mayar masa da martani a rubuce, da hujja daga cikin littafin.