Taya mai ƙarko ko mai riƙe ƙasa: lissafin da ƴan kabu-kabu ke yi gabanin damina

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, akwai muhawarar da ke tashi a rumfunan masu faci da tashoshin ƴan kabu-kabu, daga Maraɗi zuwa Damagaram har Tawa: wace taya ce ta fi? Wanda ya zauna ya saurara da kyau zai lura cewa kusan duk mai wannan tambaya abu guda yake nufi, wato wace taya ce za ta fi daɗewa kafin ta suɗe. Da wuya ka ji wanda ya tambayi wadda ta fi riƙe ƙasa idan aka kama burki a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Alhali waɗannan tambayoyi biyu amsarsu ba ɗaya ba ce, sau da yawa ma kishiyar juna ce.

Ba a rasa dalilin da ya sa ƙarko ya rinjayi komai a zukatan matuƙa ba. Nijar ba ta ƙera taya. Maƙwabciyarmu Najeriya, inda kaya da dama ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa ko ta Illela da Konni, ita ma manyan masana'antunta biyu sun daɗe da rufewa: Michelin ya tsayar da aiki a 2007, Dunlop ya bi bayansa a 2008. Saboda haka tayar da ke ƙarƙashin Kasea ko Haojue ko Boxer galibi daga Asiya ta fito, daga Sin, Indiya, Tailan ko Indunusiya, ta ratso teku kafin ta hau babbar mota. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkuman CEDEAO sun toshe hanyoyin shigowar kaya har zuwa watan Fabrairun 2024. An sake buɗe iyaka da Najeriya a watan Maris na shekarar, amma hanyar Kwatano ta Gaya ba ta koma yadda take ba, lamarin da ya tilasta wa ƴan kasuwa da dama bin tashar ruwan Lome su zagayo ta Burkina Faso cikin ayarin da sojoji ke rakiya. Duk kwanan da mota ta ƙara a hanya, mai saye ne ke biyan sa a ƙarshe. Rage kuɗin litar fetur daga 540 zuwa 499 na CFA da gwamnati ta yi a watan Yulin 2024 ya ɗan sassauta wa matuƙa, sai dai bai taɓa farashin kayan gyara ba.

A irin wannan hali, matashin da ke tuƙa babur ɗin wani, wanda kullum sai ya kai wa mai babur kuɗin yini kafin ya san nasa, ba abin zargi ba ne idan ya nemi tayar da za ta kai shi watanni. Matsalar tana cikin robar kanta.

Taya tana riƙe hanya ne saboda robarta na lotsawa ta shiga ƴan ƙananan ramukan kwalta. Roba mai laushi ta fi yin haka, shi ya sa take riƙewa sosai a kwana da lokacin burki, amma kuma wannan laushin ne ke sa ta saurin cinyewa. Roba mai tauri tana jure tafiya mai nisa, ƙaya ba ta huda ta da sauƙi, sai dai idan ruwa ya sauka tana neman zamewa a kan hanya maimakon ta kama ta. Manyan kamfanoni suna rage wannan saɓani ta hanyar cakuɗa sinadarin silika a cikin roba, wasu kuma su sa roba mai tauri a tsakiyar taya, mai laushi a gefuna biyu inda babur ke kwantawa a kwana. Irin waɗannan sun fi tsada, kuma ba su ne suka cika kantunanmu ba. Abin da ya kamata a tuna shi ne, duk girman babur da kayan da ya ɗauka, wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannun yaro ba. A nan ne burki da kwana da rayuwar mutum biyu ko uku suke rataye.

Sai kuma batun zane. Ɗan kabu-kabu a Maraɗi yana iya taka ƙasa iri uku a cikin tafiyar minti goma: ya taso a kan kwalta, ya sauka kan burji, ya ƙare cikin rairayin lungun unguwa. Taya mai manyan haƙora, irin ta shiga daji, tana tona rairayi da laka ta fitar da babur, amma a kan kwalta haƙoran suna lanƙwashewa, babur ya riƙa rawa a kwana, su kuma cinye da wuri. Taya mai zanen titi, wadda ramukanta siraran layuka ne da ke kore ruwa zuwa gefe, ita ce sarauniya a kan hanyar ƙasa mai lamba 1, amma da ta shiga rairayi sai ta yi ta juyawa wuri guda. Tsakaninsu akwai mai zanen tubali-tubali, wadda ba ta fi kowa a ko'ina ba amma ba ta kunyata mai ita a ko'ina. A ganina ita ce ta fi dacewa da mafi yawan matuƙan garuruwanmu. Wanda aikinsa jigilar ƴan kasuwar ƙauye ne lissafinsa daban, haka ma wanda bai cika barin kwaltar Yamai ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen raba kuɗi tsakanin gaba da baya. Tayar baya ce ke tura babur, ita ke ɗaukar mafi yawan nauyi, don haka ita ke fara suɗewa, sau da yawa a sauya ta sau biyu ta gaba tana nan. Wannan ya sa matuƙa suka saba kallon ta gaba a matsayin wadda ba ta da matsala. Amma idan aka kama burki da ƙarfi, nauyin babur gaba yake komawa, kuma tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Idan ta baya ta zame, ƙwararren matuƙi yakan iya gyara zama ya tsira. Idan ta gaba ta zame, babu shawara, sai dai a tsinci kai a ƙasa.

Na ga haka da jikina a daminar da ta gabata. Na hau kabu-kabu zan koma wurin aiki bayan wani ɗan yayyafi, muka zo wata kwana da ruwa ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kan kwalta, wani yaro ya gitta da kura, matuƙin ya kama burki. Ba gudu muke ba. Duk da haka ƙafar gaba ta tafi kamar an janye tabarma. Allah ya taƙaita, gwiwa da gwiwar hannu kawai muka kurje. Da muka tayar da babur na duba: tayar baya sabuwa fil, har gashin robarta bai kaɗe ba, ta gaba kuwa sumul kamar tafin hannu, gefenta duk ya tsattsage. Matuƙin ba sakarai ba ne. Kuɗin taya ɗaya gare shi, ya sa su inda yake ganin taya na cinyewa.

Da za a bi shawarar da ta fi kusa da hankali, da an saya wa gaba taya mai riƙo ko da ta fi tsada, tunda tana daɗewa, a bar wa baya mai tauri da ƙarko.

Abin mamaki, yawancin abin da mai saye ke buƙatar sani yana rubuce a gefen tayar, sai dai ba a saba karantawa ba. Akwai lambobi huɗu a jere, galibi cikin wani ɗan zagaye, da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Wannan yana da muhimmanci domin roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Rana da zafi suna busar da ita ta yi tauri ta fara tsagewa, kuma kowa ya san yadda ake rataye tayoyi a ƙofar kanti cikin ranar Afrilu da ke haura digiri 40. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara da zarar ta kai shekara biyar, kada kuma ta wuce shekara goma ko da zanenta na nan. Taya na iya zama sabuwa a ido, tsohuwa a roba.

Akwai kuma lambar nauyi, wadda ke zuwa bayan girman taya tare da harafi guda. Taya mai 3.00-17 ko 3.00-18 da aka rubuta wa 47P, alal misali, an yi ta ne ta ɗauki kilo 175, lamba 50 na nufin kilo 190, lamba 52 kuma kilo 200. Harafin P yana nuna iyakar gudu, kilomita 150 a awa, abin da bai dami kowa a nan ba. Nauyin ne ya dame mu. Ƙaramin babur shi kaɗai ya haura kilo 100. A ɗora matuƙi, a ɗora buhun gero mai kilo 100, a ɗora mai buhun a kansa, kuma mafi yawan wannan lodi a kan tayar baya yake sauka. Ranar kasuwa ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane an wuce abin da aka rubuta. Ga masu irin wannan aiki, alamar 6PR ko 8PR, da ke nuna ƙarfin jikin taya, ta fi 4PR amfani, ko da yake babur zai ɗan ƙara tauri a kan gargada. Sannan akwai ƴar kibiya da ke nuna inda taya za ta fuskanta. Idan mai faci ya juya ta, zanen ba zai kore ruwa yadda aka tsara shi ba.

Duk da haka, kafin a zargi kamfani ko ɗan kasuwa, abin da ya fi kashe taya a garuruwanmu iska ce. Galibin ƙananan babura suna son kimanin bar 1,75 a gaba, bar 2 a baya, a ƙara zuwa 2,25 idan da fasinja. Masu faci nawa ne ke da ma'aunin iska mai aiki? Mafi yawa da babban yatsa ake gwadawa, ko a ƙwanƙwasa a saurari amo. Wasu matuƙa suna cika iska fiye da kima don babur ya yi sauƙin gudu ya rage shan mai, sakamakon haka tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa, ta cinye a nan, riƙo kuma ya ragu. Wasu suna rage iska don su ratsa rairayi, dabara ce mai kyau, amma sai su hau kwalta su manta. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta yi zafi, gefunanta su cinye, tub ɗin ciki ya tsinke idan aka faɗa rami. Iska kuma da safe ake auna ta, taya na sanyi, domin zafin tafiya yana ƙara mata matsi, wanda ya auna da tsakar rana ya rage to ya rage abin da bai kamata ba.

Game da farashi, mu ɗauki misali kawai don lissafi. Taya ta jika 8 da ta yi wata huɗu tana cin jika 2 a wata. Ta jika 12 da ta yi wata takwas tana cin jika ɗaya da rabi. Mai tsadar ce mai araha. Matuƙa sun san wannan sarai, ba sai ɗan jarida ya koya musu ba, sai dai ranar da taya ta fashe abin da ke aljihu ne ke yanke hukunci. Kuma ba kowace mai arha ce ke da taurin da ake zato ba, akwai waɗanda ba ƙarko ba riƙo, ga kuma masu ɗauke da sunaye da aka kwaikwayo daga sanannun kamfanoni irin su CEAT, MRF, Kenda ko CST da sauyin harafi ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutane kusan miliyan 1,19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma nahiyar Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a. A shingayen bincikenmu an fi tambayar takardu da hular kwano, kuma daidai ne a tambaya. Amma duba taya ba ya buƙatar na'ura. A cikin ramukan zane akwai ƴan tudun roba, da alamar TWI ko ɗan kusurwa uku a gefe da ke nuna inda suke. Idan zane ya cinye ya yi daidai da su, taya ta ƙare. A Faransa doka ba ta yarda zurfin zanen tayar babur ya gaza milimita 1 ba. Ban ga alamar cewa tara za ta magance wannan a nan ba, domin wanda bai da kuɗin taya, idan aka karɓe na tara sai ya ƙara nisa da ita. Abin da ya fi kusa da yiwuwa yana hannun ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu da kansu: ma'aunin iska guda a kowace tasha, da adashin taya tsakanin mambobi ta yadda ba sai ta fashe za a nemi kuɗi ba. Su kuma jami'an duwan da na ma'aikatar kasuwanci, lambobi huɗun nan na shekarar ƙira suna nan a fili a jikin duk tayar da ta ƙetaro iyaka.

Wanda ya samu ya sauya taya kafin ruwa ya zauna, ya sani sabuwa ma tana da santsi a kusan kilomita 100 na farko, sai fuskarta ta goge. Kuma ruwan farko ya fi na tsakiyar Agusta haɗari a kan kwalta, domin shi ne ke taso da man inji da ƙurar da suka taru tun watan Oktoba, ya mayar da su kamar sabulu. A daidai waɗannan mintuna ne fasinja ke ruga wa kabu-kabu yana cewa a yi sauri kada ruwa ya dake shi.