Dokar ta-ɓaci ta san ƙofar masallaci, ba ta san wayar majo ba

Ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko da cutar korona ta kama a Nijar. Kwana takwas bayan haka, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya kafa dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya. An rufe makarantu da masallatai, an hana yawon dare a Yamai daga ƙarfe 7 na maraice zuwa 6 na safe, an killace birnin, babu shiga babu fita. Aka ce wa talaka ya zauna gida, in ya ji zazzaɓi da tari ya kira lamba 15. To amma cikin matakan da aka karanta wa jama'a ta gidan rediyo, ba a ji wanda ya faɗi yadda za a duba majinyaci daga nesa ba: wa ke da izinin ba da shawara ta waya, wa zai ɗauki alhaki in ta ɓaci, wa zai biya kuɗin kiran. Dokar da ta iya ƙirga mutanen da za su tsaya sahu ɗaya, ta kasa ganin wayar da ke aljihun kowane majo.

Ba wai hannun hukuma ba ya kaiwa ga waya ba ne. Tun ranar 5 ga wannan wata aka kama ɗan jarida Mamman Kaka Tuda saboda ya rubuta a intanet cewa ana zaton cutar ga wani majinyaci a Yamai. Da dokar laifuffukan intanet ta 2019 aka gurfanar da shi, ranar 26 aka yanke masa wata 3 na jeka-ka-gyara-halinka. Ke nan in waya ta ɗauko labarin da ba a so, doka tana da ƙafa. In ta ɗauko shawarar da za ta ceci rai, sai ta gurgunce.

A Kore Mairuwa, bakin babbar hanyar da ta taso daga Doso zuwa Dogondutsi, duba marar lafiya ta waya ba baƙon abu ba ne, suna ne kawai ba a raɗa masa ba. Ma'aikacin ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye yana kiran majo na gidan likita in naƙuda ta yi tsawo. Majo yana kiran likitan gunduma, a Tibiri ko a Dutsi, in yaro ya sanƙare. Ana ɗaukar hoton gyambo ko na takardar magani a tura ta WhatsApp. Ɗan ci-rani daga Legas ko Kwatano yana aiko da murya, yana tambayar allurar da aka rubuta wa tsohuwarsa. Duk wannan aiki yana gudana bisa amana da katin waya na aljihun ma'aikaci. Ranar da abin ya yi kyau, ba mai tunawa. Ranar da majinyaci ya cika a hanya, wanda ya kira da wanda aka kira kowa zai nemi inda zai fake, kuma ƙaramin ne ruwa zai ci.

Mutanen Arewa ba sa bukatar korona ta koya musu mece ce annoba. A 2015 sanƙarau nau'in C, wanda ya fara ɓulla a arewa maso yammacin Najeriya, ya ƙetaro iyaka, kuma ƙasar Dogondutsi tana cikin inda ya fi yi wa ɓarna. Daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni an ƙirga mutum 8.500 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, 573 suka riga mu gidan gaskiya. Cuta ce da ke iya kashewa cikin yini guda. A irin wannan hali, kira ɗaya da zai sa a soma allura nan take, ba sai an jira motar asibiti ba, ya fi taron ƙara wa juna sani guda goma a otal ɗin Yamai. A shekarar ce kuma aka gano jabun allurar rigakafi tana yawo a ƙasar, abin da ke nuna cewa duk inda hukuma ta bar fili, maha'inci ne ke fara kafa rumfa.

Masu ja da wannan magana kashi biyu ne. Na farko suna cewa ƙasar da ba ta gama biyan bashin maganin kyauta na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ba, wanda aka kafa tun 2006, ba ta da ta cewa kan likitancin nesa. A kawo magani da wuta tukuna. Akwai gaskiya cikin kukansu, sai dai sun ɗauki waya kayan ado. Wanda likita ke bayan gidansa shi ne waya ta zame wa ƙari. Ga matar da sai an ɗora ta a amalanke kafin ta kai bakin kwalta, waya ita ce likitan farko.

Kashi na biyu sun fi haɗari, domin su ne masu alƙalami. Su burinsu a kwafo dokar Faransa a canza mata hula. Faransa ta tsara likitancin nesa da dokar 2009 da ƙudurin zartarwa na Oktoba 2010, ta soma biyan kuɗinsa daga asusun inshora a Satumba 2018, bisa sharaɗin bidiyo. Zanen aro ba ya rufe katara: sharaɗin bidiyo a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun rezo, haramta aikin ne da sunan tsara shi. Abin ban dariya ma, masu zanen da kansu sun kwance shi da wuta ta kama. A 2020 Faransa ta yarda da kiran murya zalla ga tsofaffi da waɗanda ba su da intanet. Amurka kuwa, ranar 17 ga Maris 2020, ta ce ba za ta hukunta likitan da ya duba majinyaci ta manhajojin hira na kowa da kowa ba, sassaucin da ya kai har 2023. Su sun sassauta abin da suka riga suka gina. Nan kuwa ana so a fara da tsaurin da su suka gudu.

Dokar da za ta amfani Arewa daga majo za ta fara, ba daga farfesa ba. Ta amince cewa kiran murya tsakanin ma'aikaci da likita aikin jinya ne, a rubuta shi a rajista da sa'a da sunan mai shawara, yadda alhaki zai rabu bisa adalci. Ta ba kowane gidan likita lambar aiki wadda hukuma ke biya, domin ba daidai ba ne ran mai haihuwa ya rataya ga ko majo yana da sauran dala arba'in a wayarsa. Sannan ta tsare sirri. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da aka ɗora wa aikin; amma hoton jikin matar aure da ke kwance cikin wayar da yara ke wasa da ita da dare, wace hukuma ta san da shi? A garin da kowa ya san kowa, hoto ɗaya da ya ɓata hanya ya isa ya kashe aure, ya kuma sa mata goma su daina zuwa awo.

Saura harshe, wanda ya shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu kai tsaye. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To a gani a ƙasa. Yardar majinyaci ba ta inganta in da Faransanci aka nema ta, ya amsa da "to" don kunya. Kalmomin da za a tambayi mace izinin ɗaukar hotonta, da waɗanda za a faɗa mata wa zai gani da ranar da za a goge, ba ofishin minista ne zai samo su ba; malaman Hausa ne, da ungozomomi, da masu gabatar da shirye-shirye a rediyon karkara. A haɗa da Zabarmanci da Fulatanci, tun da Doso ba ta mai harshe ɗaya ba ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar ta-ɓaci wata uku-uku ake sabunta ta, ranar da aka ɗage ta kuma duk abin da aka rataya mata ya faɗi. Shi kuwa sanƙarau ba ya jiran sanarwa: da hunturu yake shigowa, ya tsananta da bazara, sai ruwan farko ya kore shi. Rajistar kira da lambar aiki, hukumar lafiya ta jihar Doso tana iya gwada su a gidajen likitan Kore Mairuwa da Tibiri kafin Janairu.