A RIƘA BARIN WANI IDAN MALAMIN ASIBITI ZAI TAFI HUTU

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in kai kuka ga hukumomin lafiya na yankinmu, wato Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji.

Ni manomi ne a Burumburum, ina kuma ɗan kasa tebur na gishiri da magi da sabulu. A watan Agustan bara zazzaɓin cizon sauro ya kama yarona cikin dare. Da gari ya waye na saɓa shi zuwa wani ƙaramin asibiti da ke kusa da mu, sai na tarar da kwaɗo a ƙofa. Wai malamin ya ɗauki hutu, ya tafi sa wa masararsa taki. Mata sun fi goma a gindin bishiya da goyo, babu wanda aka sanar. Dole na hau acaɓa zuwa Tudun Wada ana tsuga ruwa, kuɗin da na ware na taki suka tafi, cinikin ranar ma ya wuce ni. Allah Ya sa yaron ya tashi.

Wallahi ban ga laifin malamin ba. Shi ma ɗan Adam ne, yana da iyali, kuma kowa ya san albashi ba ya kai wata. Gwamnatoci ma sun san haka: Binuwai ta ba ma'aikata hutun Juma'a don noma a 2016, Kaduna maƙwabciyarmu kuma ta mai da aiki kwana 4 a mako a 2021.

To amma fa, Malam Edita, ni da ban wuce firamare ba, in zan tafi gona ko jana'iza, ƙanena nake zaunarwa a teburina. Yaya za a ce a rufe asibiti a tsakiyar damina, lokacin da sauro ya fi yawa?

Roƙona shi ne, duk wanda zai tafi hutu a turo madadinsa kafin ya miƙa mabuɗi. In hakan bai samu ba, a gaya wa mai unguwa a yi shela a masallaci, mu san inda za mu nufa da marasa lafiyarmu tun daga gida.



Naku,
Wani manomi,
Burumburum, Ƙaramar Hukumar Tudun Wada, Jihar Kano.