Magatakardan na'ura ya shiga ofishin akanta, mu ina littafinmu?

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, wani labari ne ya taso daga Amurka, wanda a ji na farko mutum zai ce bai shafi mai lodin albasa a Konni ko mai saron atamfa a Jibiya ba. Mu dai a namu gani ya shafe mu, kuma gara a tattauna shi tun yana nesa.

A Amurka, duk wanda abin da yake samu ya kai wani mizani sai ya cika takardar harajin kansa sau ɗaya a shekara, takardar da suke kira 1040, ya miƙa ta ga hukumar haraji ta IRS kafin 15 ga Afrilu ta wuce. Irin waɗannan takardu sun haura miliyan 150 a kowace shekara, kuma kusan rabinsu ba masu su ne ke cikawa ba, ofisoshin akantoci ake kai wa, wato waɗanda mu a nan muke ce wa kwantabul. Daga Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu ma'aikatan waɗannan ofisoshi ba su san dare ba, ba su san rana ba. Galibin aikin kuwa ba na zurfin ilimi ba ne. A karɓi takardar albashi, da ta banki, da ta bashin gida, a kwafe lambobin cikin kwamfuta, a gwada da na bara, a bi mutum da waya a ce masa takarda kaza ba ta iso ba.

To wannan aikin ne yanzu ake ɗora wa na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ba ta tsaya ga amsa tambaya kawai ba. Aikenta ake yi kamar yadda ake aiken yaron shago. Ita ke buɗe takardun ta karanta, ta zuba kowace lamba a gurbinta, ta rubuta wa mai takarda saƙo in wani abu ya ɓace, sannan ta ajiye wa akanta aikin ya duba ya sa hannu. Shi ya sa muka kira ta magatakarda. Kuma ba ƙaramin kuɗi ake zubawa a harkar ba. A 2023 kamfanin Thomson Reuters ya sayi SurePrep, mai manhajar karanta takardun haraji, a kan dalar Amurka miliyan 500, a 2025 kuma ya fito da nasa magatakardan na cika 1040.

Amma a lura da abin da ya sa aikin yake tafiya a can. Kusan kowace lamba da ke shiga 1040 wani ne dabam ya riga ya rubuta ta. Mai kamfani ya ba ma'aikacinsa takardar albashi ta W-2, banki ya ba shi ta ribar ajiyarsa, kuma kwafin kowace yana hannun hukuma. Na'urar ba ta san gaibu ba, abin da aka rubuta take ci. Idan babu takarda, tana nan zaune kamar injin niƙa da ba a zuba masa hatsi ba.

Nan ne maganar ta zo kanmu. Mu ɗauki mutum ɗaya daga cikinmu da ya sayi wake a ƙauyukan Maraɗi da sefa, ya tsallaka da shi ta Ɗan Isa ya sayar da naira, ya canza rabin kuɗin a hannun ɗan canji a bakin iyaka, sauran rabin ya sayo siminti da taliya. Wani kason ya ba da shi bashi, a kan magana, sai bayan salla. Ya biya dillali, ya biya ƴan dako, ya biya mai mota, ya biya kuɗin duwan wanda aka ba shi resi, ya kuma biya waɗansu kuɗaɗe a shingayen hanya waɗanda kowa ya san ba a ba da resinsu. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023 kuwa, canjin da aka yi ciniki da shi yau ba shi ne na ranar da aka biya bashin ba. A ƙarshen shekara nawa ya ci riba? Shi ya sani, ko kusan haka, domin lissafin yana cikin kansa da wani ɗan kaye da babu mai iya karanta shi sai shi. Ka kai wannan ga magatakardan na'ura, jimillar kuɗin da suka shiga asusun banki ko na salula zai gani sarai, amma ɗawainiyar da ta cinye mafi yawansu ba zai gan ta ba. Wanda aka ga shigarsa ba a ga fitarsa ba kuwa, a takarda attajiri ne.

Wani zai ce, mu da muke biyan lanho na dunƙule da kuɗin rumfa, ina ruwanmu? Haka ne, yawancin ƙananan ƴan kasuwa ba a tambayarsu ribar shekara dalla-dalla. Sai dai a dubi inda ƙasashenmu suka dosa. A Nijar da Benin an shigo da faktir mai shaidar hukuma, wanda na'ura ke bugawa tana sanar da ma'aikatar haraji abin da aka sayar. A Kamaru tun 2024 ake neman mutane su bayyana abin da suka samu a shekara ta intanet. A Nijeriya sabuwar dokar harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, ta kai kaso mafi girma zuwa 25 cikin ɗari. Duk mai shago a Kano ko Katsina, ko mai asusu a bankin can, ya kamata ya tambayi masani inda dokar ta taɓa shi. Hukumomin ma ba barci suke ba. A 2022 ma'aikatar harajin Faransa ta sa na'ura ta duba hotunan sama, ta gano tafkunan wanka na gidaje sama da 20,000 da masu su ba su bayyana ba. Mu tunaninmu shi ne na'urar za ta riga mu isa ofishin lanho, kuma ita ba a yi mata magiya, ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar na goro. Wannan na ƙarshe alheri ne, ba mu musu ba, ga wanda ya riƙe takardunsa.

Kada kuma a ɗauka ba ta kuskure. A Maris na 2024 jaridar Washington Post ta gwada masu amsa tambayoyin haraji na TurboTax da H&R Block, ta sami amsoshi da dama na kuskure ko marasa amfani. A Oktoban 2025 kamfanin Deloitte, ɗaya daga cikin manya huɗu na duniya a aikin akanta, ya amince ya mayar wa gwamnatin Ostireliya wani kaso na kuɗin kwangilar dalar ƙasar 440,000, bayan an tarar da littattafan da babu su a cikin rahoton da aka yi da taimakon na'ura. Wancan ba aikin haraji ba ne, amma ciwon ɗaya ne: idan ba ta sani ba, ba ta yin shiru, sai ta ƙaga, kuma da kyakkyawan lafazi. An inganta ta tun daga lokacin, ana kuma ci gaba da ingantawa. Duk da haka, ranar da aka sami kuskure a takarda, mai takardar ake aiko wa tara.

Saboda haka ba mu ce a guje ta ba. Idan za ta rage wa akanta wahalar kwafe lambobi ya sami lokacin zama da mu ya fahimci yadda cinikin bakin iyaka yake, madalla. Amma manyanmu da ke da akanta a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Garwa, su daina miƙa jakar takardu su juya baya. A tambaye shi a fili: na'ura ce ta cika ko mutum? Wa ya duba layi-layi kafin a sa hannu? Ina kuma takardunmu suke zuwa? Wannan ta ƙarshe ita ta fi damunmu, domin faktir ɗin ɗan kasuwa sirrinsa ne. A ciki ake ganin wurin wanda yake saro da farashin da ake ba shi, abin da ko ɗan'uwansa na rumfar kusa ba ya gaya wa. A Amurka doka ta hana mai cika takardar haraji fitar da bayanan wanda ya yi wa aiki ba da izininsa a rubuce ba, sai a wuraren da ta keɓe, kuma akwai tara har da ɗauri. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, Nijeriya ta yi tata a 2023, to a nemi akanta ya rubuta a yarjejeniya cewa ba zai ɗora takardunmu a wata manhaja ba sai da saninmu. Idan kuwa aikin kwana uku ya koma na awa uku, maganar kuɗin aiki ma sai a sake ta.

Mu ƙanana kuma, abin da ke gabanmu bai wuce kaye na jikka ɗaya ba. Kowane ciniki a rubuta ranarsa, da kayan, da kuɗin, da irin kuɗin, sefa ko naira, da canjin wannan rana. Bashi ya sami shafinsa dabam. Resin duwan da na mai mota a ɗauki hotonsu da salula tun kafin gumi ya goge tawadar. Wanda ba ya boko ya rubuta da ajami, ko ya sa yaron da ke lakkol ya zauna da shi kowane yammacin ranar kasuwa. Muna kuma kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na Konni, Gaya, Magarya da Matamaye da su zauna da majalisar ƴan kasuwa a fitar da littafi iri ɗaya mai gurbin kuɗi biyu, a kai wa ma'aikatar haraji ta duba, ta faɗa a rubuce ko za ta karɓe shi a matsayin shaida.