Zancen mota: kafin a cire tablo

A garejojin da ke bakin babbar hanyar Birnin Konni, babu aikin da ake rainawa kamar cire tablon mota, wato allon nan da ke gaban direba, wanda mutanen Sakkwato ke kira dashbod. Sauke inji aikin maigida ne, tablo kuwa sai a miƙa wa yaro sukundireba a ce ya je ya ɓalle shi. Alhali a tsohuwar motar tsere, tablo ya fi inji wuyar samu.

Dalilin haka a fili yake. Peugeot 504 mai ƙofa huɗu ta fito a Faransa a 1968, masana'antar PAN ta Kaduna ta soma harhaɗa ta a 1975, ta kuma yi wajen shekara talatin tana yin ta. Saboda haka kayanta sun cika kasuwa daga Sakkwato har Maraɗi. Amma ƴar'uwarta mai ƙofa biyu, 504 Coupé, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana aka kuma yi ta daga 1969 zuwa 1983, jikinta da tablonta nata ne ita kaɗai. Irinta ce Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1978. Haka abin yake ga tsohuwar Toyota Celica. Wanda ya fasa tablon irin waɗannan motoci sai dai ya yi oda daga Turai, in ma an dace an samu, kuma ƴan kasuwa ba su manta yadda kuɗin kayan Faransa ya ninka ba ranar da aka karya darajar sefa a Janairun 1994.

Sannan ga rana. Tablo roba ce da soso a kan ƙarfe. Motar da ta shekara talatin tana shan zafin Afrilu, lokacin da awo ke wuce digiri 40 a inuwa, balle a bayan gilashi, robarta ta riga ta bushe kamar tsohuwar ƙwarya. Ƴan kunnuwan da ke riƙe ta, da an matsa musu sai su karye, kuma gam ba ya mayar da su yadda suke.

Duk da haka akwai ranar da cirewar ke zama dole. Ƙurar hunturu kan cushe fankar iska. Ɓera kan shiga ya gaigaye waya, musamman motar da ke kwana kusa da buhunan gero. Mafi muni shi ne aikin masu ɗaure fiyus da zaren tagulla ko takardar kwalin taba: fiyus an yi shi ne don ya tsinke kafin waya ta yi zafi, in aka hana shi tsinkewa sai wayar ta narke a bayan tablo, inda ido ba ya gani. Direban da ya ji ƙaurin roba tsakanin Tsarnawa da Malbaza kada ya ce bari ya ƙarasa.

To, in ranar ta zo, ya kamata mai mota ya tsaya a kan aikin da kansa, ko da zai bar ofis ko shago na yini guda. Abin farko a cire kan batir, ɓangaren da ke haɗe da jikin mota, domin akwai wayoyin da ke ɗauke da wuta ko makulli ba ya ciki. In motar ta shekarun 1990 ce mai jakar iska, a dakata ƴan mintoci bayan cire batir kafin a taɓa sitiyari. A sa wa sitiyarin alama kafin a zare shi, don ya koma daidai. Daga nan rediyo, akwatin takardu, da ƙofofin iska, sannan agogunan. A nan yara suka fi yin ɓarna, don agogon gudu na tsohuwar mota yana da igiyar ƙarfe da ta taso daga giya, kuma sai an zura hannu ta baya an kwance ta. Mai fizga da ƙarfi igiya da agogo zai lalata a tare.

Kowace waya da aka zare a liƙa mata takarda mai lamba, a kuma ɗauki hotonta da wayar hannu. Peugeot ta sauƙaƙa wannan, don lamba take bugawa a jikin wayoyinta, yayin da motocin Jamus ke bin launi, ruwan ƙasa shi ne na haɗawa da jikin mota. Notuna da kusoshi kowane kashi da gwangwaninsa. Idan an kwance duk abin da ake gani tablo ya ƙi motsi, akwai sauran ɓoyayye, galibi a gindin gilashin gaba ko a gefen ƙofa. Nemansa ake yi, ba a sa ƙarfe a ɓamɓara. Mutum biyu ke ɗaga tablo, su fitar ta ƙofar fasinja, su ajiye shi cikin inuwa a kan tabarma.

Mai shirin sayen tsohuwar mota ma yana da rabo a wannan zance. Kawunan kusoshi da suka cinye, ko waɗanda ba iri ɗaya ba, shaida ce an taɓa shiga bayan tablo, kuma ta nan ake mayar da lissafin kilomita baya. Ya tambayi dillali dalili kafin a yi ciniki.

Wajen mayarwa, kada a ɗaure ko noti ɗaya sai an haɗa batir an gwada fitilu, sigina, oda, fanka da abin share gilashi, an kuma tabbata fitilar mai da agogon zafin inji suna aiki.