Harsashin "12 Gauge": abin da wasan waya da gajeren bidiyo ba sa nuna wa matasa

Duk wanda ya taɓa sauka Pochinki a PUBG Mobile ya san ɗan akwatin nan mai rubutun "12 Gauge". Ɗan wasa zai tsince shi a ƙasa ya zuba a S686, ko S1897, ko S12K, duk su karɓa ba gardama. A Free Fire ma haka abin yake da M1887 da M1014. Bindigogin nan na gaske ne. M1887 da S1897 ƙirar John Browning ne, kamfanin Winchester na Amurka ya fitar da su a shekarun da ke jikin sunayensu. M1014 kuwa ita ce Benelli M4 ta Italiya. Harsashin ne masu wasan suka sauƙaƙa, har ya zama kamar batirin tocila: in ya shiga, shi ke nan.

Daga wasa sai bidiyo. Wanda ya nemi kalmar sau ɗaya, manhaja za ta fara jero masa gajerun bidiyo na turawa zaune gaban wata 'yar na'ura, suna jan hannunta, sabon harsashi yana faɗowa. Cikin daƙiƙa 30 an gama. Mai kallo sai ya tashi da tunanin cewa aikin bai fi ɗura garin kwaki a leda wuya ba. Wannan tunani kuskure ne, kuma irin kuskuren da ake biya da yatsu ko ido.

Abin da ke cikin kwanson

Harsashin bindigar farauta mai watsa ƙwayoyi yana da sassa biyar. Akwai kwanso na roba mai gindin ƙarfe. A tsakiyar gindin akwai ɗan maɓallin da ke yin aikin ƙyastu, wanda allurar bindiga ke buga wa ya ba da tartsatsi. Sai albarushi. Sai wani kofin roba da ke raba albarushin da ƙwayoyi, ya toshe hayaƙi kada ya tsere, ya kuma kare cikin bututun bindiga. Sai ƙwayoyin kansu. A ƙarshe a naɗe bakin kwanson ya rufe kamar tauraro.

Kowane sashe ya ɗauki shekaru kafin ya kai haka. Bafaranshe Casimir Lefaucheux ya fito da harsashi mai kwanson takarda a shekarun 1830. Takarda ta daɗe tana aiki, amma tana kumbura in ta sha danshi, sai a 1960 kamfanin Remington ya kawo kwanson roba. Albarushin zamani marar hayaƙi ya samo asali daga aikin Paul Vieille a Faransa a 1884. Ƙwayoyin dalma masu zagaye kuwa, tun 1782 William Watts na garin Bristol a Ingila ya gano cewa in aka ɗigo narkakkiyar dalma daga dogon gini, tana dunƙulewa a iska kafin ta faɗa ruwa.

Girman ƙwayar ma lissafi ne. Harsashin tsuntsaye kan ɗauki ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi. Na manyan dabbobi, wanda ake kira 00, yawanci ƙwaya 9 ne, kowace faɗinta ya ɗan wuce milimita 8. A wasa, bindigar nan ba ta da amfani in abokin gaba ya ɗan yi nisa. A zahiri, masu ƙera ta suna gwada yadda ƙwayoyi ke bazuwa a nisan yadi 40 ne, wato kusan mita 36. Wanda ya koyi nisan harbinta a waya ya koyi ƙarya.

"In ya shiga" ba ya nufin "ya dace"

Lambar 12 ɗin nan geji ce, kuma tsohon lissafin Ingila ne. Ana duba ƙwallayen dalma nawa masu faɗin bututun za su cika nauyin laba ɗaya, wato kusan giram 454. In 12 ne, bindigar geji 12 ce, faɗin bututunta kusan milimita 18.5. Geji 20 ta fi ƙanƙanta, kusan milimita 15.6. Lamba na hawa, bututu na raguwa.

Sai tsawo. A geji 12 kaɗai akwai harsashi mai milimita 70, da 76, da 89. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsawon da aka rubuta na kwanson ne bayan an harba, bakinsa ya buɗe. Don haka sabon harsashi mai 76, da yake bakinsa a naɗe yake, zai shiga bindigar da aka yi wa mai 70 lafiya lau. Sai an ja kunama ne bakin zai rasa wurin buɗewa, matsin hayaƙi ya haura abin da aka ƙera ƙarfen ya ɗauka.

Duk mai waya ya san irin wannan. Caja za ta shiga bakin waya daidai, amma ta zama ba tata ba. Bambancin shi ne, cajar banza batir take kashewa. Wannan kuwa yana fashewa ne kusa da fuskar mai harbi.

Mafi muni shi ne haɗa geji biyu a aljihu ɗaya. In harsashin geji 20 ya faɗa bindigar geji 12, yakan zarce ciki ya maƙale a gaba, ba a ganinsa. Mai bindiga zai ɗauka bai sa komai ba, ya sa na geji 12 a bayansa, ya harba. Bututun na iya tarwatsewa daidai inda hannunsa na gaba yake riƙe. Maganin da masana'antun Amurka suka yi wa wannan matsala tun shekarun 1960 ba ya buƙatar wata na'ura: harsashin geji 20 ya zama rawaya. Wanda bai iya karatu ba zai gane, wanda ke sauri ma zai gane. Masu haɗa manhaja da ke ɓoye gargaɗi cikin ƙananan rubutu suna da abin koyo a nan. Ƙira mai kyau tana ɗauka cewa mutum zai yi kuskure, sai ta tare shi tun kafin ya yi.

Me ya sa turawan bidiyon ba sa fashewa?

Tambaya ce mai kyau. A Amurka doka ta yarda mutum ya sake ɗura harsashi don amfanin kansa, kuma masu wasan harbin faifai suna yi don rage kashe kuɗi. Kamfanin MEC yana sayar da na'urorin, Lyman yana buga littafin aikin. Mai ra'ayin cewa ana zuzuta haɗarin zai ce ga hujja nan.

Amma abin da ke tsare su shi ne abin da bidiyon ke yankewa. Bayan kowane harsashi akwai hukumomin ƙa'ida: CIP da aka kafa a Liège ta Beljiyam a 1914, da SAAMI ta Amurka da aka kafa a 1926. SAAMI ta ƙayyade matsin harsashin geji 12 mai milimita 70 a psi 11,500. Tayar mota ƙarama kusan psi 32 take ɗauka. Ana auna wannan matsi a ɗakin gwaji, da bututu na musamman mai na'urar ji a jikinsa. Ido ba ya ganinsa, kunne ba ya jinsa.

Shi ya sa dokar farko a littattafan masu ɗurawa ita ce kada a musanya komai. Kwanso na kamfani kaza, da ƙyastu kaza, da kofi kaza, da albarushi kaza, haɗin da aka gwada ke nan. A canza ƙyastun kaɗai da na wani kamfani mai kama da shi, matsi na iya tashi sosai. Harsashin wannan bindiga kuma ba ya ba da amintacciyar alama kafin ya wuce iyaka. Mai rubuta manhaja in ya yi kuskure, allo zai nuna masa jan rubutu, ya gyara ya sake gwadawa. A nan babu maɓallin komawa baya.

Haka ma tambayar manhajojin hira na AI. Sukan ba da lamba da cikakken ƙarfin gwiwa ko da lambar ba daidai ba ce. Lambar da ba a gwada a bututun gwaji ba, zato ce kawai, ko daga ina ta fito. YouTube ma tun 2018 ta hana bidiyon da ke koyar da haɗa harsashi, sai dai abin da aka cire can yakan ɓullo a wata manhaja, an yanke shi, an cire gargaɗin.

Inda abin ya shafi gida

A Arewa bindigar farauta ba baƙuwa ba ce. Mafarauta da 'yan banga suna riƙe da bindigar toka, wasu da mai baki biyu. Bindigar toka an yi ta ne don baƙin albarushi na da, kuma bututunta sau da yawa aikin maƙeri ne da ba a taɓa aunawa ba. Albarushin cikin harsashin zamani wani abu ne daban, ƙarfinsa ya fi ƙarfin irin wannan bututu. Matashin da ya kalli bidiyo ya ba yayansa mafarauci shawarar haɗa su, ya jefa shi cikin haɗari da kyakkyawar niyya.

Ga kuma doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana riƙe bindiga ko harsashi ba lasisi, ta kuma hana mutum ƙera harsashi ko haɗa shi da kansa. Abin da yake halal ga mai bidiyo a Texas laifi ne a Kano ko Gusau.

Akwai kuma dalma. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ƙwayar dalma a 1991, Denmark ta hana ta gaba ɗaya a 1996, Tarayyar Turai ta hana ta a fadamu a 2023. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu bayanin gubar dalma, bayan ɗaruruwan yaran da ta kashe a ƙauyukan haƙar zinare a 2010. Narka ta a tsakar gida inda yara ke rarrafe kiran wannan guba ne da hannu.

Ɓoye wa matasa ilimin ba zai yi aiki ba, tunda wayar tana aljihunsu. Abin da ya fi shi ne a juya abin da ake yaɗawa. Masu shafukan fasaha da masu yin bidiyon wasanni da Hausa suna da dubban mabiya, kuma cikin mabiyan akwai 'ya'yan mafarauta da ƙannen 'yan banga. Minti ɗaya ya isa a faɗa musu cewa rubutun jikin bututu da na jikin kwanso dole su zo ɗaya, cewa rawaya ba ta shiga geji 12, cewa albarushi ba iri ɗaya ba ne, kuma dalma guba ce. Wannan shi ne ɓangaren ilimin harsashi da ke da amfani ga mai waya. Ragowar aikin na masana'anta ne da ɗakin gwaji.