Masu hoton Sasuke, ku zo mu yi magana

Na san wasu za su ce, "Ji wannan, ƙato da gemu, yana digiri na biyu, ya zo yana mana dogon rubutu a kan katun." Ku faɗa, na ji. Amma ka shiga gurup ɗin ajinku na WhatsApp yanzu, ka ƙirga mutum nawa ne suka sa hoton Sasuke da jajayen idanun nan nasa. A namu ba su kasa huɗu ba. Tunda abin ya shigo har cikin ajin mastas, ai ya wuce maganar yara.

Ni a gida Abaji na kalli Naruto, lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wanda aka fara 14 ga Fabrairu aka janye 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Da safe in taya Baba zaman shago a bakin titin Lokoja, da yamma in kai memori wajen mai turi ya cika mini. Kashi 220 na farko, sannan Shippuden kashi 500. Masashi Kishimoto ya shekara 15 yana zana labarin nan, daga 1999 zuwa 2014, babi 700, ni kuwa zaman banza ya sa na cinye masa shi kafin a koma makaranta. Don haka kada wani ya zo ƙasa ya ce ban kalla ba.

Abin da nake cewa shi ne: wannan abu da Sasuke yake yi wa Naruto, da kuke kira gasa, mu Hausawa muna da sunansa tun kafin a haifi Kishimoto. 'Yan'ubanci ne. Abokin tsere so yake ya kamo ka. Ɗan'uba kuwa ko bai motsa daga inda yake ba, in dai ka faɗi, ya ji daɗi.

Ku tuna faɗan rufin asibiti. Me Naruto ya yi masa? Ba komai. Yaron da kowa ke kira daƙiƙi ne ya fara ci gaba, ya doke Gaara a gaban idon Sasuke, shi ke nan barci ya ƙaurace wa mutumin. Kakashi ya shiga tsakani ya wurga su kan tankunan ruwa. Sasuke ya ga nasa tankin ya huje, ruwa na kwarara, na Naruto kuwa ɗan rami kawai, har ya yi murmushi. Da ya leƙa ta baya ya ga tankin Naruto ya tarwatse gaba ɗaya, sai fuska ta canza. Wallahi na san wannan fuskar. Na gan ta a bakin allon da ake manna sakamako.

Daga nan fa sai ya tattara ya bi Orochimaru. Yara biyar aka tura su dawo da shi: Shikamaru, Choji, Neji, Kiba da Naruto. Choji ya haɗiyi jar ƙwayar da ta kusa kashe shi, Neji aka huda shi da kibiya, duk a kan mutumin da bai ko waiwayo ba. Ya zira wa Naruto hannu a ƙirji. Daga baya ya soke Karin, yarinyar da ke warkar da shi da jikinta, don kawai harinsa ya kai ga Danzo da ke bayanta. Ya ɗaga hannu zai kashe Sakura.

Za ku ce mini, "Haba Malam, ka manta abin da ya same shi? Yana ƙaramin yaro yayansa ya kashe danginsu kaf." Ban manta ba, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Na kuma yarda bai kashe Naruto a faɗansu na farko a kwarin nan ba, alhali yana da dama. Amma wa ke da daɗi a labarin nan? Naruto ya tashi maraya, gari ya tsane shi. Mahaifin Kakashi kashe kansa ya yi. Gaara uban da ya haife shi ne ya riƙa tura a kashe shi, shi ne kuma ya zama shugaban garin da ya ƙi shi. Kowa da tabonsa. Sasuke kaɗai ne ya mayar da nasa lasisi.

Kuma me ya biya? Hannun hagu, wanda shi ma Naruto ya rasa na dama a wannan faɗan. Ya amsa cewa an ci shi, to madalla, ya ƙi karɓar sabon hannu, wannan ma na ba shi. Kakashi ya zama Hokage ya yafe masa, ya ɗau jaka ya shiga duniya. Sai ga shi bayan shekaru ya haɗu da 'yarsa Sarada, bai gane ta ba, har ya zare mata takobi. Wannan ne uban gidanku?

In kuna neman mai girman kai da ya girma da gaske, ku koma Dragon Ball na marigayi Akira Toriyama, wanda ya rasu 1 ga Maris 2024, ku kalli Vegeta. Ta wajen ta'asa ya fi Sasuke nesa ba kusa ba. Shi ya kashe abokin tafiyarsa Nappa don an doke shi. Shi ya ƙyale Cell ya cika ƙarfinsa don kawai ya gwada kansa, aka kwashi kashin kowa a hannu. Shi ya miƙa wuya ga Babidi da saninsa, ya kashe 'yan kallo a filin gasa, don ya tilasta wa Goku faɗa. Amma labarin bai lallaɓa shi ba. Da zai tarwatsa kansa don ya kashe Buu, ya rungumi ɗansa Trunks a karon farko, ya tambayi Piccolo ko zai haɗu da Goku a can, Piccolo ya faɗa masa gaskiya cewa a'a, ya kashe bayin Allah da yawa. Ya ji, bai fasa ba. A faɗan ƙarshe kuwa, ɗan sarkin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa Goku ƙaramin mutum ne, ya tsaya yana kallo, ya yarda a ransa cewa Goku ya fi shi. Sannan ya shiga ya sha duka kamar jakin Kano don Goku ya samu lokacin tara ƙarfi. Kuma bai daina atisaye ba bayan nan. Ya yarda an fi shi, ya ci gaba da bi.

A cikin Naruto ɗin ma akwai irin wannan, ku ne ba kwa sa hotonsa saboda girarsa da koren kayansa. Might Guy. Shi ya ɗauki Kakashi abokin karawa, yana lissafin wa ya ci wa, in an ci shi kuma kansa yake hukuntawa, ya zagaye gari yana tafiya a kan hannuwa. Bai taɓa fatan Kakashi ya ragu ba.

Me ya sa nake ta da jijiyar wuya? Zangon da ya wuce an fitar da tallan tallafin bincike ga ɗaliban digiri na biyu. Wani a ajinmu ya gani tun da sauran sati uku. Ya cike nasa shiru, sai daren da za a rufe ya turo mana gurup, har da "Allah Ya sa a dace." Gurbin ba ɗaya ba ne. Da mu biyar mun samu, ba abin da zai ragu a nasa. Akwai wata baiwar Allah a cikinmu da ta dakatar da zuwa tattara bayanan bincikenta saboda kuɗin mota. Kun san hoton wa ke kan lambarsa, ba sai na faɗa ba. A ajin nan dai, abokanmu 'yan kudu suna da wuri guda da suke zuba tambayoyin baya da littattafai, kowa ya ɗiba. Mu kuwa da muke 'yan tsiraru, kullum muna kukan an bar Arewa a baya, kowa ya rungume abinsa kamar kazar da ke kwanci.

Kada in yi ta nuna yatsa. Ni ma na yi. Akwai wanda muke tsere da shi tun digiri na farko, yau ya wuce ni gobe in wuce shi. Ya yi sati biyu yana neman wani littafi na hanyoyin bincike, ya tambaye ni ido da ido, na ce ba ni da shi. Yana cikin wayata. Tun a Islamiyya aka koya mana bambancin gibɗa da hassada: ka so irin abin da ɗan'uwanka ya samu ba laifi, ka so ya rasa shi ne ciwon. Na haddace, na ci jarrabawa a kai, amma ranar nan ni ne a kan rufin asibiti ina leƙen tankin wani.

Shekaranjiya na tura masa littafin, na kuma faɗa masa tun yaushe yake hannuna. Ya yi shiru wajen awa guda. Sai ya rubuto, "Turo min babinka na biyu." Jiya da daddare ya dawo mini da shi, ja-ja-wur da gyara, har da wani wuri da ya rubuta "wannan ba hujja ba ce, surutu ne." Na ji zafi, kuma gaskiyarsa. Ranar Litinin zan gabatar a semina, ya ce a layin gaba zai zauna kuma ya tanadar mini tambaya uku.

Masu hoton Itachi kada ku yi dariya, naku rubutun daban ne, sai na gama da babi na biyu.